Ashana da Ƙyallen Jamus

Har yau raina na ɓaci in na tuna, kuma bakina nake jin haushi.

Ni direba ne a Abhur, can ƙasar Larabawa. Kafilina, wato maigidan da ya tsaya min nake zaune a ƙasar, yana tara tsofaffin ƙyallayen teburin cin abinci na Jamus, na zamanin yaƙin duniya. Wata rana aka kawo masa wani, yana ta juya shi, yana shakkar ko jabu ne. Babu wanda ya tambaye ni. Na ce ai na daɗe ina sayar da yadi a Kano, zare ɗaya zan ƙona: na roba dunƙulewa yake, na asali toka yake zama.

Maimakon in tsinko zaren, sai na kai ashana bakin ƙyallen don a ga gwaninta. Wuta ta lashe gefen da ke ɗauke da tambarin Jamus, shaidarsa kaɗai.

Na murza tokar na ce masa, da irin kiran girmamawar da Larabawa ke yi wa babba, "Na asali ne, ya ammi."

Sati uku bai yi min magana ba, ga iƙamata, takardar izinin zamana, na jiran sabuntawa.

Matata kuwa, in ta sayo sabon mayafi sai ta ɓoye ashana ta ce, "Maigida, wannan na yarda da shi haka."