Fandeshan Ɗin Yaya Talatu

Yaya Talatu ce ke yi mini kwalliya, har Allah ya karɓi abarsa. Ranar bikin ƙanwarmu a Shabu, na ɗauko jakar kwalliyar Yaya Talatu don in rufe baƙin da kuka ya bari a ƙasan idona, kada Inna ta gani. Shekara goma ina kallon hannun Yaya, me zai gagare ni? Na lafta konsila, na bi da fandeshan, na hau acaɓa ina ji da kaina. Abu ɗaya na manta: marigayiya fara ce, ni baƙa wuluk.

Inna ta dubi fuskata, ta dubi wuyana.

"Baiwar Allah, daga injin niƙan rogo kike?"

Dariyarta ta farko ke nan tun bayan rasuwar. Har yau in zan fita sai ta ce, "Mai Alabo, a taho mana da mudu biyu."