Wandon Randa

"Lafiya lau, Tsinke. Ashe iska ba ta kwashe ki ba tukuna?"

"Tana jiran ka matsa ne ta samu hanya, Randa. Shigo a karkace, ƙofar ta masu gida ce."

Haka suke gaisawa tun suna yara. Ita tela ce, shi kuma direban motar kamfani, ɗan kawunta, taubashinta. Sai dai yau dariyarsa ba ta kai ciki ba. Watannin baya likitan kamfani ya ce teɓarsa ta wuce ado ta zama cuta, ga jini ya hau, in bai rage ba za a sauke shi daga tuƙi. Gobe za a sake auna shi. Ya shige bayan labule ya tuɓe wandon aikinsa, ya ɗaura yadi, ya fito ya jefa wandon a kan keken ɗinki.

"Buɗe min shi. Na haƙura."

"Da abinci? Bari in kira mai shela."

"Ke, ba wasa nake ba. Na bar lemon kwalba, na rage loma, kullum da safe ina zaga unguwa har karnuka sun daina yi min haushi. Amma wandon nan yadda ya matse ni da, haka yake matse ni yau."

"To da wando ake auna ƙiba? Likitan naka tela ne?"

"Cewa ya yi a haɗa nauyi da tsayi, kuma ƙugu kada ya wuce rabin tsayin mutum. Ni kuwa tsoron sikeli nake ji."

"Shi ma sikelin tsoronka yake ji."

Ta juya cikin wandon, ta ɗauki reza, tana farke ɗinkin ƙugu tana ƙunshe dariya. Layi na farko ya tafi, sai ga wani a ƙarƙashinsa, sai ga wani kuma, kowanne da kalar zarensa.

"Wannan ɗinkin barkatai fa? Dama na ce hannunki bai iya ba."

"Hannuna ne ya rufa maka asiri. Matarka ke kawo shi ranar hutunka, ta ce zamewa yake, in rage, kada ka tsaya gaban manaja ka bar abin faɗa."

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ta ce in ka sani, da kwano biyu za ka yi murna. Ni ma na ba da shaida."

Ya shige bayan labule ya sa wandon. Yana fitowa ya saki hannu, wando ya nufi gwiwa, ya cafke shi da ƙyar. Ya tsaya yana kallon ƙugunsa kamar na aro, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi har ita ya ba ta tausayi.

"Kada ka jiƙa min yadin mutane. Miƙe."

Ta hau kujera, ta auna tsayinsa da igiya, ta ninke ta biyu, ta zagaya cikinsa. Bakin igiyar bai haɗu ba, saura yatsa uku.

"Ka gani? Ka fita daga randa, amma ba ka wuce tulu ba. Gobe ka gaya wa likita kana hanya, kuma ka ci gaba da gaisawa da karnukanka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya fashe da dariya.

"Kin ci ni, Tsinke. Don Allah mayar da ɗinkinki."

"Kai ka ce a buɗe. Akwai masu layi a gabanka, sai yamma."

"To da me zan je gida?"

Ta miƙa masa igiyar.

"Kyauta ce. Ɗaure, kuma a ƙafa za ka tafi."