Silifas a Kan Katifar Judo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko da na so in manta, matan layin 'yan atamfa na kasuwar Azare ba za su bar ni ba. A babban ɗakin wasannin garinmu abin ya faru, wurin da a da ban san shi da komai ba sai dinar biki da taron mawaƙa. Ashe in an kwashe kujerun roba da furannin amarya, katifu ake shimfiɗawa, 'ya'yan mutane su kama kayar da juna da izinin hukuma.

Sai na fara gaya muku wani abu game da ni, in ba haka ba za ku ce taɓin hankali gare ni. Ni goyon Fulani ce, kuma yaron da zan ba ku labarinsa ɗan farina ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Disina, sai da zai shiga sakandare ya dawo gabana, ya tarar da uwa mai magana da bango: "A gaya wa Yayansu ga abinci nan." Ko shi kaɗai ne a tsakar gida haka nake faɗa. Kallonsa ido da ido kuwa, Allah ya sawwaƙe. In ya durƙusa gaishe ni, tsintsiyar hannuna nake kallo in amsa. (Ina sonsa kamar raina, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne.)

Yayansu ya ɗauki wasan judo da zafi. Kullum da yamma yana wurin atisaye, ya dawo da farar rigar nan mai kaurin buhu, ƙannensa mata su wanke suna mita. A ranar da nake ba ku labari ake zaɓen wanda zai shiga tawagar jiha a tafi da shi Bauchi, mutum ɗaya tak a ajin nauyinsu, kuma ita ce shekararsa ta ƙarshe a rukunin matasa. In ya ci ya tafi, in ya faɗi shi ke nan. Ba ni ya gaya wa ba. Ina tankaɗe a kicin na ji yana faɗa wa ƙanwarsa, sai na rage motsin rariya.

Da hantsi Maman Chidi ta leƙo rumfata. Maƙwabciyata ce a kasuwa, Inyamura mai sayar da leshi, ta riga ni sanin lungunan Azare, kuma Chidinta ƙungiyarsu ɗaya da Yayansu.

"Hajiya, rufe shago mu tafi. Yau ɗanki zai yi faɗa."

"Ɗan wa? Ni ina ruwana da wasan yara."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "To zo ki raka ni in ga nawa."

Ƙofar da nake nema ke nan. Kafin ta gama ɗaure jakarta na tare mana keke.

Ɗakin ya cika maƙil. Rufin kwano, fankoki suna ta juya zafi, lasifika tana magana ba ka jin komai sai amsa-kuwwa. Na ja Maman Chidi muka hau can benci na ƙarshe, inda ba mai ganina. Ina zama na hango Malam, maigidana, a ɗaya ɓangaren, ga yayyensa biyu da suka taso takanas daga Disina. Na ƙara jan mayafi na ce wa kaina, yau ko ƙifta ido ba za a ga na yi ba.

Na kuwa cika alkawari. Duk sanda aka kira Yayansu sai in sunkuyar da kai in kama nazarin lallen ƙafata. Da cinyata na bi wasannin, don duk kayen da ya yi sai Maman Chidi ta ɗaka mini duka tana ihu. Chidi ya faɗi tun da wuri, ta share hawaye da gefen zani, ta juyo da muryarta kaf kan nawa. Da aka zo karon ƙarshe, tsakaninsa da wani yaro daga Misau, ta ce ita daga nan ba ta gani sosai, ta gangara bakin igiya ta bar ni ni kaɗai.

Suka shigo, na sunkuya. Daga baya na ji wai an ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle a ƙugu don a bambanta su, tunda duka fararen kaya ne a jikinsu. Ban ga wanda aka ɗaura wa ba, kuma akwai wata budurwa a gefena da zan iya tambaya, amma da wane baki zan ce mata wanne ne nawa? Na zauna ina jin shurin ƙafafu a kan katifa, ina jan duk addu'ar da ta zo bakina. Ɗakin ya yi tsit, ya sake ɗaukar ihu, ya sake yin tsit.

Sai na ji tim! Jama'a suka miƙe gaba ɗaya. Nan alkunya ta kasa riƙe wuyana, na ɗaga kai.

Mutum biyu ne a ƙasa. Na sama, wani mai ƙwal-kwabo, ya zagaye wuyan na ƙasa da hannu ya danne shi da ƙirji. Na ƙasan mai suma ne, ƙafafunsa sai harbin iska suke yi kamar kazar da aka yanka. Yayansu kuwa duk unguwa an san shi da suma, kullum a kanta suke faɗa da Malam. Na dubi alƙalin wasa, ƙato da shi, ya miƙa hannu ɗaya yana kallo, ko motsi bai yi ba. Na dubi jama'a, tafi suke yi. Har 'yan Azare, har yayyen Malam! Na ce a raina, yau na ga rashin imani, za a kashe mini yaro ana tafi.

Ban san yadda na sauko daga bencinan nan ba. An ce na taka hular wani dattijo, an ce na ture mai sayar da ruwan leda. Abin da na sani, na tsallake igiya, na wuce teburin manyan baƙi, na hau katifar da ko koci ba ya hawa da takalmi, silifas ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ɗaga na sauke a tsakiyar ƙwal-kwabon nan, tas! Na ƙara. Na ƙara.

"Sake shi! Sake mini ɗa, mugu, azzalumi!"

Sannan na sunkuya wajen na ƙasa, na buɗe maƙogwaro a gaban surukaina da duk mutanen ƙasar Katagum, na ƙwala sunan da ban taɓa kira ba tun ranar suna. (A'a, ba zan maimaita shi a nan ba. Sau ɗaya ya isa.) Na ce ya tashi, ga ni na zo.

Sai na sama ya saki hannu, ya juyo, ya ce, "Na'am, Umma?"

Jama'a, na mutu a tsaye. Fuskar Malam ce sak take kallona a ƙarƙashin sabon aski, ga shatin silifas ya fara tashi. Ashe tun farkon mako ya aske sumar, yana ci yana sha a gidana, yana durƙusawa gaishe ni safe da yamma, ni ina kallon tsintsiya. Yaron Misau ya zame ya zauna yana tari, yana dubana kamar wadda ta faɗo daga sama. Can na jiyo Maman Chidi ta ɗora hannu a ka: "Hajiya, kin kashe mu! Shi ne a sama! Saura kaɗan!"

A nan na koyi dokar wasan, a tsaye, da takalmi a hannu. In ka danne abokin karawarka bayansa a ƙasa har lokacin da aka ɗiba ya cika, ka ci. Hannun da alƙali ya miƙa alamar an fara lissafi ne. Lokacin bai cika ba na iso.

Dariya ba ta fara nan take ba, kuma da ta fara ma da sauƙi. Shirun ne ya fi ciwo. Wasu 'yan mata biyu suka kama ni suka zaunar a kujerar roba kusa da teburin alƙalai, wato a inda kowa zai gan ni da kyau. Na saci kallon ɓangaren maza, Malam ya ja hula ya rufe rabin fuska, babban yayansa yana kallon fanka. Wayoyi kuwa ko'ina a ɗage. Alƙalai suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, kocin su Yayansu yana rantsuwa yana nuna agogo, kocin Misau yana cewa ai yaron da kansa ya saki, ba wanda ya ɓamɓare hannunsa. Ni dai ina roƙon Allah a zuci, ko dai a ba shi nasararsa ko ƙasa ta tsage. Aka daɗe. Daga ƙarshe babban alƙali ya ce a sake daga tsaye.

Wannan karon na kalla, ido buɗe, tunda ba sauran abin da zan ɓoye. Na ga yadda yake kama kwalar riga, na ga yadda yake ajiye ƙafa, na ga ashe yaron nan ya iya. Na kuma ga yana waiwayo ni. Ya waiwayo sau ɗaya, kocinsa ya daka masa tsawa. Da ya sake waiwayowa, yaron Misau ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi ya buga da ƙasa. Alƙali ya ɗaga hannu sama. Ko ni da na koyi doka yanzun nan na san an gama.

Muka hau keke ni da Maman Chidi har ƙofar gida. Sai da zan sauka ta ce, "Hajiya, saka takalminki." Ashe har lokacin yana hannuna.

Na shige ɗaki na ƙi fitowa. Bayan la'asar na ji sallamarsa, na ji ya ajiye jaka, ya zo bakin ƙofa ya durƙusa kamar kullum. Na shirya wa fushi, na shirya wa gaba ta wata guda, don da ni ce aka yi wa haka da sai an kira dangi. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kuka ya riga ni.

"Umma, ki bar shi," ya ce. "Bauchi ba rabona ba ce."

"Ni na hana ka."

Ya shafa kai. Can ya ce, "Ni duk tunanina ma ba ki san ina wasan ba."

Wannan maganar ta fi dukan da na yi masa zafi.

Yaron Misau shi ya tafi Bauchi. Duk sanda ya shigo Azare sai ya biyo rumfata ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, matan layi suna guɗa suna cewa ga ɗan Hajiya na gaskiya ya zo. Yayansu bai sake samun irin wannan dama ba. Yanzu shi ke koya wa ƙananan yara judo a ɗakin nan da yamma, kuma in suna da gasa nakan je in zauna a sahun gaba, ba rakiyar kowa. Maigadin wurin, wani tsoho marar ta-ido, da ya hango ni sai ya miƙe ya ce, "Hajiya, a bar mana takalman a nan ƙofa, don lafiyar 'yan wasa."

Shawarata ga iyaye mata irina ba ta da yawa. Ki ji kunyar ɗan farinki yadda Inna ta koya miki, ban hana ki ba. Amma kafin ki cire takalmi ki tafi ceto, ɗaga ido ki gane wanne ne naki.