Zagayen Ƙarshe na Guguwar Carolina

Garinmu na jihar Carolina ya yi rashin babban mutum. Harlan Bumgarner, Guguwar Carolina, ya kwanta dama. Shi ya raɗa wa kansa wannan suna, shi ya sa aka rubuta a ƙofar motarsa, don bai so ya ɗora wa jama'a wahalar nemo masa kirari ba. Jama'a kuwa Makiyayi suke ce masa, saboda duk Asabar a filin tsere na jar ƙasa shi ne a baya, ya tasa sauran motoci gaba kamar mai kora shanu.

Tun yana saurayi yake tsere har ya yi furfura, bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ba laifinsa ba ne, ya kuma sha yin bayani. Kowane direba ya san launin kore da ɓawon gyaɗa suna jawo rashin sa'a, amma Harlan kaɗai Allah ya hore wa idon hango koriyar riga cikin 'yan kallo yana tsakiyar gudu. Matarsa Lurleen ko koren wake sai a ɓoye take dafawa.

Orval Shuford, makanikensa kuma abokinsa tun na yarinta, yakan ce, "Harlan, kana buɗewa da yawa a kwanar ƙarshe. Hanya kake bar musu ta ciki."

"Kai dai riƙe sifanarka, mutumina. Guguwa ba ta matsewa a kwana. Fili take so!"

Jawabin cin nasara kuwa tuni ya haddace shi. Yakan hau rufin mota a gareji, ya kara kwalbar lemo a baki kamar makirufo, ya gode wa Allah, da mahaifiyarsa, da Dub mai gidan gasa nama da ke saya masa tayoyi. Sannan ya yafe wa mahassada, musamman Doyle Cagle, wanda ya fi kowa wuce shi. Rufin har ya lotsa. Orval ne kaɗai ɗan kallo, kuma bai taɓa fashin tafi ba. Tsakani da Allah yake tafin.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, Orval ya je duba shi a asibiti. Ranar ba a yi jawabi ba.

"In na tafi, za a zagaya da ni fili kamar yadda ake yi wa kowane direba, ko?"

"Za a yi."

"Ni a gaba, su a baya. Kai za ka kaɗa mini tuta." Ya kama hannun abokinsa. "Sau ɗaya dai, Orval."

Orval ya yi alkawari. Bayan rasuwar ya bi direbobi gida-gida yana roƙon kada kowa ya wuce motar gawa. Doyle, da hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Haba Orval, me ka ɗauke ni? Wa zai wuce gawa?"

Ranar jana'iza da hantsi gari ya cika fili. Fasto ya yi addu'a. Motar gawa ta shige gaba, motocin tsere suka jeru a bayanta suna tafiya a hankali, Doyle na biye da ita. Orval ya hau dandamali riƙe da tutar gamawa mai baƙi da fari. Ga Harlan can a gaba, duk duniya na bayansa. Maza suka cire huluna.

Sai aka zo kwanar ƙarshe. Direban motar gawa bai taɓa taka filin tsere ba. Ya ga taɓo ta ciki, ya ji tausayin motarsa mai sheƙi, ya buɗe can waje.

Doyle ya rantse daga baya cewa bai san lokacin da abin ya faru ba. Idonsa cike da hawaye, ya ɗaga kai, ya ga Harlan ya bar hanya ta ciki kamar kowace Asabar. Ƙafarsa ce ta taka totur da kanta. Kafin ya tuna da birki, ya wuce motar gawa ya tsallake layin gamawa.

Motar gawa ta ƙaraso a natse. Orval ya kaɗa mata tutar da dukan ƙarfinsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ya sauko, ya je ya dafa gilashin motar. A kan akwatin an jibge furanni, kowanne da korayen ganyensa. Lurleen ta matso tana share ido, ta bi furannin da kallo.

"To, ko yau ma yana da hujja," in ji ta.

Orval ya ja hanci. "Na biyu fa ya zo, Lurleen. Bai taɓa kai haka ba."