Tsarabar Albasa a Motar Nasiru

Ko na manta da komi a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da anka ɗaga ni sama cikin motar Nasiru ba.

Nasiru ɗan ƙanwata ne, Abuja yake aiki. Bayan babbar salla ya zo Wurno gaishe ni da wata baƙar mota 'yar Jamus, gajeruwa, mai faɗin taya, wadda in ya tada ta sai ka ji ƙarar a ƙirjinka kafin ta kai kunne. Ni da na girma tsakanin a-kori-kura da babur, sai na riƙa zagaya ta hannuwa a baya, kada in taɓa. Ya taho da sabbin shokazoba a kwali, wai suna sa mota ta kama ƙasa in ana gudu. Niyyarsa a ɗaura su a birni, ni ne na hana. Na ce ga Ummaru bakanike nan Marnona, abokina tun ƙuruciya (benci ɗaya ma muke zama a ajin yaƙi da jahilci), ba ƙarfen da ke gagarar hannunsa. Nasiru bai so ba, kunyar kawu ta sa ya yarda.

Ummaru ya wuni kan aikin, har sabuwar tabarma ya shimfiɗa wa kusoshi. Sauran kanikawa sunka kewaye shi suna tsiya, wai mai gyaran motar albasa ya samu amarya, a bari a ga ko za ta kwana. Da ya gama ya ce, “Na ɗaura, amma saitin ƙafa ban yi wa motar ga da igiya. Sai Sakkwato, wurin masu inji. Kuma da ni za a tahi, in gani da idona.”

Motar ta kwana ƙofar gidana, makulli na hannuna. To, mu nan mota ba ta barin Wurno zuwa birni wayam, balle gidan ƙanwata, uwar Nasiru, za a biya. Nasiru ya riga ya ce mini, “Kawu, wannan ba motar kaya ba ce.” Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma tsaraba ai ba kaya ba ce. Da anka sauko sallar asuba muka kama da maƙwabcina, munka cusa buhun albasa guda a but, can gefen hagu, na danna ƙullin shinkafar fadama a kansa, na rufe da ƙyar.

Tun daga hanya abin ya soma. Duk tudun da munka hau sai cikin motar ya gogi ƙasa, Nasiru ya ja tsaki ya dubi Ummaru ta madubi. Ummaru na duƙunƙune a baya. Ni kuwa ina ta sha'awar sanyin da ke fitowa har ta cikin kujera.

Wurin saitin ban taɓa ganin irinsa ba. Daɓen ƙasa yana ƙyalli, sai da na nemi inda zan tuɓe takalmi. Anka hau da motar kan wasu dogayen ƙarafa biyu, anka maƙala wa kowace taya wani faranti, wasu idanu masu jan haske suna kallonsu daga bango. Sai ga motar Nasiru ta fito a allon kwamfuta, ƙafafunta huɗu, kowace da lambarta. Mutum bai shiga ƙarƙashi ba, bai ja igiya ba, amma injin ya san karkatar da ba ta kai kaurin farce ba. Na dubi Ummaru, shi ma bakinsa buɗe.

Injiniyan, wani dogon mutum mai sanyin magana, ya ce irin wannan mota da nauyin direba ake saita ta. Nasiru yana son tsayawa gaban allo, jikinmu kuma kusan ɗaya, sai anka ce in zauna mazaunin direba. “Baba, ka miƙe sitiyari, kada ka motsa.” Ƙarafan sunka tashi da ni sama a hankali, ba ko girgiza. Na riƙe sitiyari ina kallon kawunan mutane, ina cewa a raina Allah mai iko, ilimi bai da iyaka.

Daga can sama ina hango allon, kuma lambobi yanzu ba su gagara ta. Don a san ana zuwa makaranta, ni da bakina na ce, “Waccan ta baya, ta hagu, ita ɗai ta yi ja.”

“Ka gani daidai, Baba,” in ji injiniya. Ya auna tsayin motar ta kowane gefe, ya girgiza kai. “Hagu ta zauna ƙwarai. Wa ya ɗaura shokan nan?”

Ummaru ya ce shi ne. Nasiru bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. “Malam Ummaru, da ka ce ba ka iyawa ai ba laifi ba ne. In ka lalata zaren ƙarfen nan, ina zan samo wani?”

“Alhaji ƙarami, wallahi daidai na ƙirga su, hagu da dama.”

“To inji ƙarya yake yi?”

Ummaru ya cire hula ya riƙe. A nan ne maganar injiniya ta dawo mini. In har nauyina, ni da ba wata ƙiba gare ni ba, sai an lissafa da shi, to mi za a ce da abin da ƙarti biyu sunka ɗaga suna nishi? (Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sani, amma ranar na gane wani haƙurin tsoro ne.) Na zauna ina jiran a yi shiru in samu inda zan sa baki. Har injiniya ya shaƙi iska ya ce yana jin warin albasa, Nasiru ya ce, “Daga Wurno muke.”

Sai injiniya ya ce a duba kan shokan ta cikin but, in aikin ne bai yi ba a kwance duka. Anka sauko da motar kaɗan. “Baba, akwai maɓalli gefen gwiwarka, danna.”

Na ce, “Nasiru, ku bar Ummaru. Ba shi na ba.” Na danna.

Bakin buhun ya riga ya kwance a hanya. Murfi na tashi albasa ta zubo, ta bi daɓen nan mai ƙyalli, wasu ƙarƙashin inji, wata har ƙafar wata hajiya da ke jiran motarta. Ni kuma ina zaune riƙe da sitiyari, don ba wanda ya ce in motsa.

“Kawu, mi ne ne wannan?”

“Ta uwarka ce,” na ce, murya ƙasa-ƙasa. “Tsaraba.”

Ummaru ne ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Anka sauke buhu, motar ta ɗago kamar ta yi ajiyar zuciya. Anka sake awo, tsayin hagu da dama ya zo ɗaya. Injiniya ya ɗan murɗa nan, ya murɗa can, lambobi sunka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wanda ya ɗaura shokan ya iya aikinsa. Nasiru ya je ya rusuna ya ba Ummaru haƙuri gaban kowa, ni kuma ina duƙe ina tsintar albasa.

A hanyar komawa Nasiru ya saki sitiyari na ɗan lokaci, motar ta miƙe sak, ba hagu ba dama, itatuwa na wucewa ba ka jin komi. Ban taɓa shiga abin da ya kai ta ba.

Sunan Ummaru ya fita fes, har daga Goronyo da Raba ake kawo masa manyan motoci yanzu. Nawa sunan ne ya shiga bakin kanikawan Marnona. In mota ta karkace gefe guda, kafin su ɗauko sifana sai wani ya ce a fara dubawa ko na biyo ta nan. Abin da na koya kuwa, duk motar da za ta auna nauyin kawun mai ita, to ba ta san zumunci ba. Tsarabar ƙanwata yanzu motar haya take bi.