Ranar da Na Raba Sifili

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba na gama yaƙi da jahilci, na faɗa ajin kwamfuta na Malam Bitrus a Agege. Manhajar da muke koyon bugun rubutu da ita ta kyauta ce, kowa yana iya gyara ta ya aika wa masu ita. Sharaɗinsu na manne a bango: a gwada gyara a kwafi kafin a sa.

Ni kuwa na ga tana yi wa mata rowar maki. Na buɗe cikin ainihin wadda duk ajin ke amfani da ita yadda ya nuna mana, na sauya lamba ɗaya. Gwaji? Ni da na goya 'ya'ya bakwai? Na hau motar danfo ina hango sunana yana shawagi bisa teku, Turawa na tambayar juna wace ce wannan baiwar Allah.

Washegari aka yi jarrabawar satifiket. Mu goma sha biyu, kowa sifili. Malam Bitrus ya zauna da kansa ya buga, shi ma sifili. Ya cire tabarau a hankali.

"Mama, kin gwada kuwa?"

Na ce, "Ga shi muna gwadawa."

'Yar ajinmu Iya Basira mai tumatir a kasuwar Mile 12 ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Aka ɗage jarrabawar mako biyu. Har yau in na je cefane sai ta ɗaga murya: "Ku ba Hajiya hanya, mai adalci ce, ko oga ba ta raga wa."