Sarkin Ruwan Montreuil Ya Je Teku

"Ni kam ruwa ya san ni, na san shi. Kakana shi ne Sarkin Ruwan Madarounfa, kihi da kainai yake zuwa gaishe shi."

Alhaji Illiassou ke nan, mai sayar da atamfa da turare a Montreuil da ke gefen Paris, yana zuba a falonsa da ƙarfi don a jiyo daga ɗaki. To abokina, tsakanina da kai, kakan nan bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Maradi, ruwan da ya fi sabawa da shi kuwa na buta ne.

Wadda ake so ta jiyo surukarsa ce, Hajiya Kadidiatou. Ta zo daga Maradi ganin 'ya'yanta mata biyu da ke Faransa. Ta fara sauka Lyon wajen Raliatou, matar Moctar direban tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a Vénissieux da ke gefen Lyon, sannan su biyun suka rako ta Paris wajen Halimatou, matar Alhaji. Tun da ta iso babu abin da ke bakinta sai mijin Raliya. Mijin Raliya ya kai ta asibitin ido, mijin Raliya ya gyara mata wayarta, Allah ya yi wa mijin Raliya albarka. Shi kuwa Alhaji, da ya cika mata akwati da leshi, iyakarsa "an gode", shi ma ta bakin Halimatou, don ka san suruki da suruka ba sa haɗa ido balle dogon zance. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. So yake ko sau ɗaya ya ji tsohuwar nan ta yabe shi a gaban Moctar.

Shi ya sa ya yanke cewa hutun bana bakin tekun Normandie za a yi shi, a kwana a tanti, Hajiya ta ci kifin da hannunsa ya kamo. Ya sayo kwalekwalen roba da ake hurawa, irin wanda Turawa ke kira kayak, da ƙugiya, da tanti mai kama da rumfar biki. Moctar ya duba wayarsa ya ce an yi gargaɗin iska mai ƙarfi. Alhaji ya ce gargaɗin na Turawa ne, su da ko yayyafi sai sun nemi lema.

Da hantsi suka isa. Sama ta yi baƙi, iska na cire wa mutane huluna. Tekun kuwa ya janye can nesa, ya bar fili fetal na yashi mai laushi, ga tantunan Turawa a cunkushe bayan tudu. Gogan naka ya riƙe ƙugu ya yi dariya har da tari.

"Ku diba mini mutanen ga. Ga wuri shimfiɗe kamar hilin idi, sun tahi sun matse bayan tudu."

"Alhaji, akwai marée fa," in ji Moctar. "Ruwan ga komowa yake yi."

"Komowa yake mana, da damina. Ƙanena, kai tiram ka sani. Can Madarounfa in tabki ya janye, tumatur muke dasawa wurin, mu ci mu sayar kahin shi komo."

Halimatou ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Aka kafa tanti a tsakiyar filin, aka shimfiɗa darduma, aka jibge jakunkunan kaya gaba ɗaya a ciki. Ya sa aka fito da yaji da mai da kasko, don kada kifi ya iso a tsaya neme-neme. Hajiya ta zauna a kujera tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin sha'awa.

Hura kayak kaɗai ta kusa kai shi lahira. Da ya gama ya ɗaura rigar ceto a kan singileti, ga wando buje har ƙasa mai tazuge, don ba zai sa gajeren wando a gaban suruka ba. Ya ja robarsa ya nufi ruwa yana wa kansa kirari. Bai yi tafiyar da ya zata ba ya tarar da ruwan, ya ce a ransa lallai teku ya taso taryar jikan Sarki.

Shiga ta farko, igiyar ruwa ta tofo shi waje. Ta biyu ma haka. A ta uku ya samu ya zauna, sai dai duk tuƙin da ya yi, kayak juyawa take a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ya wurga ƙugiya, iska ta dawo masa da ita ta kama rigar cetonsa ta baya. Ya ji an ja shi, zuciyarsa ta yi fari, ya ɗan jima yana kokawa da babban kifi kafin ya gane kansa ya kamo. Da ya sake wurgawa sai ga wani abu mai nauyi. Ya ja, ya ja, yana ta hamdala, yana tsara yadda zai ajiye shi a gaban Hajiya ba tare da ya dube ta ba. Abin ya taso saman ruwa. Dardumarsa ce.

Nan ya waiga. Filin idi babu shi, tumatir ma da an dasa da ya sha ruwa. Tantin na tafe a kan teku yana rangaji, kasko na biye. Can kan tudu ya hango Moctar riƙe da hannun Hajiya yana hawar da ita, kujerarta a kafaɗarsa, matan na bayansu. Wato ko a nan ma mijin Raliya ne.

Baƙin cikin bai gama sauka ba wata igiya mai tsayin katanga ta ɗaga kayak ta kife. Aka wanke Alhaji, aka ɗauraye shi, aka mirgina shi a yashi, ya sha ruwan gishirin da zai ishe shi har sallah. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya miƙe, ruwa iya ƙirji, ya ji wani irin sanyi da bai saba ji ba daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya shafa. Tazuge ya tsinke, teku ya tafi da buje da abin da ke ƙarƙashinsa.

Masu ceto biyu suka sheƙo suna busa usur, suna yi masa alamar ya fito. Ya ƙi. Igiya na tura shi gaba yana ja da baya, ruwa na raguwa yana durƙusawa, har ya zama kansa kawai ake gani yana kaɗa haƙora. Turawa suka taru da wayoyi. Ɗaya mai ceton ya yanke cewa firgita ce ta taɓa masa hankali, ya soma lallashinsa da muryar da ake yi wa yara. Da Moctar ya kutso cikin ruwan, Alhaji ya jawo shi kusa.

"Ƙanena, ka rufa mini asiri ka ba ni wandonka."

"Alhaji, ni ma hwa surukata ce."

Gaskiya ne, babu musu. Kayan sawa duk suna cikin tanti, tanti kuwa ya kama hanyar Ingila. Mai ceto ya warware wani bargo mai ƙyalli kamar takardar alawa, iska ta fizge shi tun bai kai hannun Alhaji ba. Mutumin naka ya ce shi dai a bar shi nan, mutuwa ɗaya ce.

Hajiya na kan tudu tana kallo. Tsohuwa ce, ta ga jiya ta ga yau, ba ta buƙaci a yi mata bayanin abin da ke sa babban mutum tsugunne cikin ruwan sanyi ba. Ta kwance zanenta na sama, mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa, ta miƙa wa Halimatou ta kai masa.

Haka Sarkin Ruwan Montreuil ya fito. Da yake iska na neman tona shi, sai ya ja zanen har ƙirji ya soke, ya hau tudu da ɗan gajeren taku, Turawa na tafa masa. Ya isa gaban Hajiya ya durƙusa a gefe, kai a ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Duk da haka kunnensa a buɗe yake, don ya ji ta gyara murya, kuma tun zuwanta Paris ba ta taɓa gyara murya saboda shi ba.

Ta dube shi sama da ƙasa a karo na farko, sannan ta juya wajen 'ya'yanta.

"Ni da na baro Maradi, cewa na yi ɗiya mata biyu gare ni Faransa. Ashe ukku ne."